Abin da Ke Ƙasan Adakar Inna

Wata biyar ke nan da aka kai Inna makwancinta. Na daɗe ina cewa zan rubuta yadda jinyarta ta kasance, in na ɗauki biro sai in ajiye. Yau dai na yi ta maza, domin kuskure biyu na tafka a jinyar nan, kuma ba na son wata ta maimaita su. Na farko likita ta faɗa min shi ido da ido. Na biyu kuwa ban san girmansa ba sai da bakin alƙalami ya bushe.

Sunana Balkisu, malamar firamare ce ni. Tun da aurena ya mutu na dawo gidanmu na Bungudu, ni da Inna muke zaune a gidan da Baba ya bari: ɗaki bakwai, tsakar gida mai faɗi, rijiya da dogon yaro. Ƙanena Sanusi direban babbar mota ne, sai ya yi wata bai leƙo ba. Ni ce 'yar fari, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Ke" take ce min, in kuma magana ce mai nauyi sai ta aiko wani ya faɗa min, ko da muna ɗaki ɗaya. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba. Sannan in faɗi nawa laifin tun yanzu: zuciyata a kusa take, bakina kuma ya riga tunanina fita.

Da hantsi abin ya same ta. Tana alwalar walaha sai na ji buta ta faɗi. Na fito na ishe ta jingine da bango, bakinta ya karkace, hannun dama ya saki kamar ba nata ba. Kafin in gama salati gida ya cika da maƙwabta. Wannan ta ce iska ce ta buge ta, waccan ta ce ai ta tsallake wani abu a bayan gida. Aka kawo rubutu, aka turara hayaƙi har ni mai lafiya ina tari. Kwana biyu muna haka. Ni da nake koya wa yara tsafta da kiwon lafiya a aji, ni ce na zauna ina fifita garwashi.

Rana ta uku muka ɗauki shatar mota zuwa Gusau. Layin kati kaɗai ya ci mana safiya, Inna tana kwance bisa benci, kanta a cinyata. Likitar da ta duba ta yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar Sanusi ba. Ta tambayi yaushe abin ya fara, na ce shekaranjiya. Ta ajiye biro ta dube ni.

"Hajiya, wannan ciwon da awa ake lissafinsa, ba da kwana ba."

Har yau in na rufe ido ina jin maganar nan. Hawan jini ne ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ashe Inna ta daina shan ƙwayoyinta tun bayan azumi, wai ta ji sauƙi, ni kuma ban taɓa duba kwalbar ba. To kun ji na farko. Duk wanda bakin tsohonsa ya karkace, ya ɗauke shi a lokacin, a yi addu'ar a cikin mota.

Sati na biyu muna kwance a ɗakin mata. Ta hanci ake zura mata kunu. Hoton kai da allurai suka cinye raguna biyun da muke kiwo, suka bi da buhunan gyaɗarmu. 'Yan dubiya kuwa kowa da tasa: a shafa man damo, a nemo kitsen jimina, a kai ta wurin wani mai magani a Nahuce da ya taɓa tayar da gurgu. Na gode musu duka, don da fura da sabulu suke zuwa, amma akwai ranar da na ce wa wata 'yar'uwarmu in tana da asibitinta ta ba mu gado. Ba ta sake dawowa ba. Cikin ma'aikata akwai wata nas, doguwa, mai tsagar Zamfarawa, ita ta koya min juya Inna daga wannan ɓari zuwa wancan don kada bayanta ya yi gyambo. Allah Ya saka mata da alheri. Akwai kuma wadda in ka kira ta sai ta gama duba wayarta tukuna. Ita ma na bar ta da Allah.

Wadda ta tsaya min tsayin daka ita ce Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, da ke aure a Tsafe. Ita da Inna aminai ne tun suna amare, ko tsinke ba ya shiga tsakaninsu. Ta baro gidanta ta shimfiɗa tabarma a gindin gadon Inna.

A sati na huɗu aka ce za a sallame mu, amma sai an riƙa kawo ta gashin ƙashi sau uku a mako, wata da watanni. Daga Bungudu, da mace mai rabin jiki, a motar haya, ga hanya da ba a son bin ta in la'asar ta yi sanyi. Muka yi shawara da Sanusi ta waya. Akwai wani magidanci daga Kekun Waje da ya taso da iyalinsa yana neman babban gida. Muka ba shi hayar gidanmu, da kuɗin muka kama ciki da falo kusa da asibitin. Sai dai mutumin yana da yara a zube a gidan wani, ya ce cikin kwana uku yake son shiga.

Kwana uku, in juye ɗaki bakwai cikin biyu.

Na je sabon wurin na auna da mayafina. Falon mayafi huɗu ne a tsaye, uku a kwance, kuma dole in bar tsakiyarsa fili don keken guragu ya samu wurin juyawa. Sai na kafa wa kaina doka: duk abin da ba zai yi amfani a jinya ba, ba zai bi mu ba. Na bar Gwaggo a wurin Inna na tafi Bungudu ni kaɗai.

Ban san Inna ta tara kaya haka ba. Gado mai rumfa da aka kai ta da shi gidan Baba. Jeren tasoshi da kwanonin samira tun daga ƙasa har kusa da rufi, wasu ko sau ɗaya ba a ci abinci a cikinsu ba. Turmi biyu, randuna, manyan tukwanen suna, keken ɗinki da ya shekara goma bai juya ba. Na ware katifa biyu, tukunya uku, buzun sallar Baba, kayan sawarta na yau da kullum. Sauran na kira maƙwabta na ce kowa ta ɗauki abin da take so, masu daraja kuma na kira wata dillaliya daga Gusau da ake ce wa 'Yar Mada ta kwashe ta sayar.

Ana cikin ɗiba sai wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta dafa ni.

"Balkisu, mai kayan ga tana da rai hwa. Ko kin tambaye ta?"

Na ce, "Iya, macen da ba ta iya cewa ruwa, mi za ni tambayat ta? Ranta nike ƙoƙarin riƙewa, ba kwano ba."

Ta janye hannunta ta fita, ko cokali ba ta ɗauka ba.

A ƙarƙashin gadon akwai adaka, tsohon akwatin ƙarfe mai zanen furanni da ya koɗe. Ban ga makulli ba, na sa taɓarya na ɓalle kwaɗon. Warin kafur ya buge ni. A sama tsofaffin zannuwa ne, saƙi da atamfofin da aka daina yayi. Na ɗaga biyu, uku, na ga duk iri ɗaya ne, ga azahar ta yi, ga mai motar kaya yana ta oda a waje. Na mayar da murfin na ce wa 'Yar Mada ta haɗa da ita. Ban kai hannuna ƙasa ba. Wallahi da na ƙara minti ɗaya da na kai.

Sati na biyar muka shigar da Inna sabon wuri. Ta bi bangon da ido, fari fat, babu jere babu komai. Ta dubi ƙarƙashin gadon ƙarfen da na sayo mata, ta dube ni. Na yi kamar ina gyara labule. Ɗakin yana da famfo a ciki da wuta jefi-jefi, maƙwabta kuma mutanen kirki, amma ba rana, ba kaji, ba mai leƙowa ta katanga ya ce an kwan lafiya. Na ga tana ramewa, na ɗora wa ciwon.

Gashi ya fara aiki a hankali. Yatsun ƙafa suka motsa, harshe ya fara saki. A sati na bakwai ta fara haɗa magana, da ƙyar, kamar mai tauna ƙanzo. Wata safiya ina ba ta koko sai ta kauda kai, ta dubi Gwaggo.

"Ce mata ta ɗauko adakata. A shanya abin ciki."

Na ce tana Bungudu, an kulle ta a ɗaki guda. Da muka fito wanke kwano na faɗa wa Gwaggo gaskiya. Kwanon ya suɓuce daga hannunta.

"Innalillahi. Balkisu, kin san mi kinka sayas? Likkahwaninta na ciki."

Ta ba ni labarin a tsaye, nan bakin famfo. Shekarar da Baba da Inna suka sauke farali, sun sayi farin yadi guda ɗaya a Makka, suka tsoma shi a zamzam, suka shanya. Baba ya raba shi biyu. Rabinsa aka sa masa da ya rasu, lokacin ina can gidan aure ban iso ba sai bayan an kai shi. Ɗaya rabin Inna ta naɗe a tsohon zane ta sa a ƙasan adaka. Duk shekara takan fito da shi ta shanya in ba kowa a gida. Shekara goma sha ɗaya tana jiran ta bi mijinta da sauran yadinsu.

Na san tsofaffinmu suna ajiye irin wannan. Kowa ya sani. Amma ni ba a taɓa faɗa min ba, don wa zai yi zancen likkafani da 'yar fari? Ni kuma ban tambaya ba.

Kwana huɗu ina neman 'Yar Mada a Gusau, gida-gida, kamar mai cigiyar akuya. Da na same ta ta ce gadon yana Mada, tasoshin sun watse, adakar kuwa wata mata ce daga Tsafe ta saya da kayan cikinta. Ta kwatanta min unguwar. Washegari na bar Inna da Gwaggo na ce zan je makaranta neman ƙarin hutu.

Gidan ƙasa ne ƙarami a bayan kasuwa. Matar ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa. Ina shiga na hango adakar a ɗakinta, na ji kamar an sauke min dutse. Na faɗi abin da ya kawo ni. Sai ta sunkuyar da kai.

"Wallahi baiwar Allah na gane ko mi ne tun ranar da na buɗe. Na aje shi, na ce mai shi za ya biyo sawu. To kwana goma da sunka wuce, wata tsohuwa da ta gudo daga ƙauye, muna ba ta wurin kwana nan zaure, ta cika. Ba ta da kowa, mu kuma ko na awo ba mu da shi rannan. Maigida ya ce Allah na Ya kawo shi gidan ga. Shi munka sa mata."

Abin da na yi a gidan nan ina jin kunyarsa har gobe. Na miƙe na zazzaga mata masifa. Na ce kayan mutane ne sadakarku? Na ce wanda bai da abin binne baƙo ya daina sauke baƙi. Matar hawaye kawai take yi. Na fice ban sha ruwanta ba, ban ce Allah Ya ji ƙan mamaciyar ba, ko sunanta ban tambaya ba. A mota na yi kuka tun daga Tsafe har Gusau, fasinjoji suna ba ni haƙuri, sun ɗauka mutuwa aka yi min.

Na faɗa wa Gwaggo yadda aka yi. Ta ce in je in durƙusa in gaya wa Inna. Na ce macen da jininta ke hawa, in kashe ta da bakina? Na roƙe ta ta rufa min asiri. Na shiga kasuwa na sayi farin yadi irin wanda Gwaggo ta kwatanta, mai shago ya sa almakashi ya yanka min tsaf. Wata maƙwabciya da ta dawo Umara ta sammin zamzam a kwalba, na yayyafa, na shanya a bayan ɗaki, na naɗe shi da kafur kwana uku don ya ɗauki warin ajiya. Sannan na kai wa Inna, na ce adakar ta yi nauyi, abin ciki kaɗai na ɗauko.

Ta ɗora shi bisa cinyarta. Ta sa hannun hagu, mai lafiyar, ta warware gefe ɗaya, ta bi bakin yadin da yatsa tun daga farko har ƙarshe. Ta daɗe tana yi. Ni ina tsaye, ƙafafuna sun kumbura da yawon kwanakin nan har silifas ba ya shiga. Ta dubi yadin, ta dubi ƙasa inda nake tsaye.

"Madalla," ta ce. "A aje."

Na fita na yi hamdala. Na ce na tsallake.

Daga nan jinya ta ci gaba yadda take. Litinin, Laraba, Juma'a in tura keke zuwa gashi, mu bi layi, a murza, a lanƙwasa, tana cije leɓe ba ta taɓa cewa wayyo ba. Magani ya yi tsada har na sayar da 'yan kunnena. Ta fara cin tuwo da hannun hagu, ta fara zama ba jingina. Gwaggo ta je Tsafe duba gidanta kwana biyu ta dawo. Bayan dawowarta ne na lura da wani abu. In Inna ta idar da salla a zaune takan yi wa Baba addu'a, wannan tun da can ne. Yanzu sai na ji tana ƙarawa: "Allah Ka ji ƙan Malam. Allah Ka ji ƙan Hajo." Kullum, sau biyar. Na bi danginmu kaf a kaina, ba mu da Hajo. Na tambayi Gwaggo, ta ce in bar tsohuwa da addu'arta. Har likita na faɗa wa, na ce ina jin ƙwaƙwalwar ta fara rikicewa. Ta ce yakan faru, in sa ido.

A sati na goma sha huɗu ciwon ya sake bugawa, bayan azahar. Wannan karon ko rabin awa ba a yi ba muna asibiti, da gudu na tura keken. Na kiyaye lissafin awa yadda aka koya min, amma kwana ya ƙare. Ta yi kwana biyu ba ta farfaɗo ba, rana ta uku da hantsi ta cika, kanta a hannun Gwaggo.

Muka dawo da ita ɗakin nan. Sanusi ya iso, maza suna waje suna jiran a miƙa musu yadi su yanka. Na ɗauko shi na ba Gwaggo. Ta riƙe, ba ta miƙa ba. Ta jawo ni cikin ɗaki ta tura ƙofa.

"Akwai saƙo. Ta ce sai wanga lokaci za ni hwaɗa miki."

Na zauna a bakin gado.

"Ta gane tun ranar da kinka kawo shi. Malam ba da almakashi ya raba nasu ba. Haƙori ya sa, ya yaga da hannu, bakin nata duk zare na, ba ta taɓa gyara shi ba. Kina hita ta tsare ni, ta ce in hwaɗi gaskiya tsakanina da Allah. Na hwaɗi. Ita ta aike ni Tsahe in tambayo sunan wadda anka sa ma shi. Hajo sunanta."

Na ce to me ya sa ba ta ce min komai ba, ko zagina ta yi?

"Ta ce ta ga ƙahwahunki." Gwaggo ta share ido da bakin mayafi. "Ta ce wanga da kinka sawo shi za a sa mata, kada a canza. Ta ce wancan na mijinta na, ya tahi inda anka rubuta mai. Wanga na ɗiyarta na. Kuma ta ce ki koma gidan nan ki yi masu gaisuwa, don ba haka ta hore ki ba."

Da shi aka kai ta, yadin kasuwar Gusau mai yankan almakashi.

Abin da nake son in faɗa wa masu jinya ke nan. In larura ta sa za ku rage kayan tsohonku, ku tambaye shi, ko da ido kaɗai zai iya amsawa. Ku ɗaga abu ɗaya-ɗaya a gabansa. In ba zai yiwu ba, ku kira sa'ansa ya tsaya a kanku. Kuma kowane akwati ku kai hannu har ƙasa. Wanda ya karanta wannan ya sa Inna a addu'a, da Baba, da Hajo.

Bayan sadakar bakwai na koma Tsafe. Na durƙusa a gaban matar nan na yi mata gaisuwar baƙuwarta, na roƙi gafara. Ta ce ba komai, ta sake kawo min ruwa a kofin nan dai, na shanye. Da zan tafi ta juye kayanta a tabarma ta ce sai na tafi da adakar, na yi na yi ta karɓi kuɗinta ta ƙi.

Ban koma Bungudu ba tukuna, hayar mutumin da ke gidanmu ba ta ƙare ba. Adakar tana nan tsakiyar falo, daidai inda na auna da mayafi na bari don keken Inna ya riƙa juyawa. Yanzu akwai wuri.